Tsagin da ke Bangon Inna

A gidanmu mu uku muka taso: Yaya Yahuza, da ni Zakiyya, da Landiroba. In kuma gaskiya za a faɗa, ita ce 'yar lelen Baba, mu biyun nan 'yan rakiya ne.

Babanmu, Malam Sale Direba, a cikin wannan motar ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Shi ke kai masu yi wa shanu allura rugage, daga Kiyawa zuwa Buji har can Taura, tun muna cikin Jihar Kano. Tsohuwa ce ta gaske, sitiyarinta ma a dama yake, irin na zamanin da ake bin hannun hagu. Shekarar da aka ba mu Jigawa, Dutse ta zama babban birni, ita ta riga ta mutu, tana yashe a bayan ofis akuyoyi na kwana a ƙarƙashinta. Aka yi gwanjonta, ba wanda ya ko ɗaga kai sai Baba, wanda ya yi ritaya a wannan shekarar. Shanun huɗar Kawu Gwadabe ne suka jawo ta har gida, yaran unguwa na biye suna ihu.

Gidanmu ba ya kallon titi. Kakanmu mutum ne da ba ya son idon mutane, sai ya kai zaurensa can ƙuryar lungu. In ka shigo lungun daga titi, bangon ɗakin Inna da katangarmu na hagunka, bangon maƙwabta na damanka, a ƙarshe ga zaure, a gefensa kuma ga tsohuwar ƙofar garke mai faɗi, wadda ke ɓulla tsakar gida. Ta nan aka bi da ita. Ina tsaye ina kallo, ban fi shekara goma sha ɗaya ba, Baba ya tsai da shanun a tsakiyar lungu, ya ware tafinsa ya auna tsakanin mota da bango.

Ya ce, "Taƙi guda nan, taƙi guda can. Yadda ta shiga haka za ta fita, amma wannan karon da ƙafarta."

Inna ta leƙo daga madafa, ta dubi abin da aka girke mata a gindin darbejiya, ba gilashi, ba fitila, taya biyu a kwance. Ta ce, "Malam, in mutane suka yi ritaya tinkiya suke saya."

Baba ya ce, "Tinkiya ba ta kai ki Buji da damina."

"Wannan ma ko bakin zaure ba ta kai ni ba," in ji Inna, ta koma kan tukunyarta.

Kafin wata ya zagayo kajinta sun tare a kujerar baya, kuɓewa da barkono kuma sun sami wurin shanya a kan bonet, wato murfin inji. Baba bai hana ba. Cewa yake jikinta goran ruwa ne, ba ta tsatsa, ko kaji sun shekara goma ba abin da za su rage ta da shi.

Aikin ya fara ne a matsayin abin ranar Asabar. Baba zai shimfiɗa tabarma, ya kwance abu guda, ya jera sassansa kamar mai baje koli. Ni aikina wanke su da kananzir a tsohuwar fantekar Inna, don hannuna ƙarami ne, yana shiga inda nasu ba ya shiga. Yaya Yahuza nasa ƙarfi ne da zuwa Kano neman kaya, kuma Allah ya yi shi da baiwar sayo abin da ba shi aka aike shi ba. Sau nawa zai dawo da ƙarfe a leda yana washe baki, Baba ya jujjuya shi ya ce, "Mai kyau ne, Yahuza. Na tarakta ne." Inna kuwa kullum cewa take ba ruwanta, amma duk kusar da ta ɓata a gwangwanin madararta ake samunta, a ware manya da ƙanana. Da aka shiga wahalar mai, ta ɓoye kananzir ɗin fitila a bayan gado, Baba ya yi ta lallashi, ta ƙi. Da safe sai muka tarar da rabin kwalba a kan kujerar direba, kuma har yau ba ta yarda ita ta ajiye ba.

Abin da na fi kewa a shekarun nan shi ne hirar. Duk lotsawar da ke jikin motar tana da labarinta. Ta gefen hagu wani bijimi ne a Buji da bai yarda da allura ba. Ta ƙofar baya kuka ce a hanyar Taura, Baba ya rantse ita ta taso ta same shi. In ya buɗe akwatin da ke ƙarƙashin kujera sai ya ce in sunkuya in shaƙa, wai har yanzu akwai ƙanshin man shanun da Fulani ke ba shi. Ni kashin kaji kawai nake ji, amma nakan ce masa na ji.

Akwai mutum guda da ba ɗan gida ba amma yana cikin aikin, wato maƙwabcinmu Malam Bot. Mutumin Filato ne, Kirista, ya zo aikin sakatariya da aka yi sabuwar jiha, ya sayi tsohon gidan ƙasan da ke ɗaya gefen lungun, shi da matarsa Magdalena, wadda muke kira Maman Dinah. Ranar da za a ciro inji, shi ya hau darbejiya ya ɗaura sarƙa, da rigar ofis a jikinsa. Daga nan Asabar ba ta cika sai ya shigo.

Malam Bot bai san ginin ƙasa ba. Daminarsa ta farko ruwa ya zaizaye masa bango har tubali ya fito, ya zo wurin Baba hankali a tashe. Baba ya yi dariya ya ce ai kowane gidan ƙasa haka yake, in ruwa ya ɗauke sai a kwaɓa ƙasa da ciyawa a yi masa sabon yaɓe. Ya nuna masa da hannunsa. Ya ce, "Malam Bot, yaɓe ba shafa mai ba ne. Ka sa shi da kauri, kada ka ji tausayin ƙasa." Malam Bot kuwa ɗalibi ne mai riƙe karatu. Daga wannan shekarar, duk kaka sai a ga su biyun a lungu sun juya wa juna baya, kowa na yaɓe nasa bangon, suna gasar wa ya fi wani kauri. Inna da Maman Dinah su aiko musu da kunu. Mu yara mu taka ƙasa har gwiwa. Ranar yaɓe kamar ƙaramar salla take a lungunmu.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, mota na haɗuwa kaɗan-kaɗan, ba mai sauri. Na gama sakandare, na shiga kwalejin horon malamai. Yaya Yahuza ya fara gemu. Inji ya koma mazauninsa, taya huɗu suka tsaya, aka kori kaji. In na ce Baba ba ya son aikin ya ƙare ban yi ƙarya ba, don in abu ya ɗauru lafiya lau sai ya sake kwance shi wai yana son ya tabbatar.

Ni na fara lura da idonsa. Wata Asabar ya ce in miƙo masa sifana, alhali tana nan manne da gwiwarsa. Na nuna masa, ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya gan ta. Daga nan sai tuntuɓe da buta, da karo da gefen ƙofa, da wuce mutum a zaure ba sallama. Yaya Yahuza ya kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Ganin gefe ya riga ya tafi, ba zai dawo ba, abin da ya rage a tsakiya ma tafiya yake, magani jinkirta shi kawai zai yi. Baba da kansa ya kwatanta mana, ya ce kamar mai leƙe ne ta hujin ƙyaure, kuma hujin kullum tsukewa yake.

Ranar da suka dawo ko ruwa bai sha ba ya wuce gindin darbejiya, ya dafa bonet. Muka tsaya a bayansa. Can ya ce, "Ba na roƙon komai. So nake in tuƙa ta ina ganin hanya, ko sau ɗaya ne."

Daga ranar aikin ya daina zama wasan Asabar. Na dawo hutu ban san na yi hutu ba. Wayoyin wuta ni na haɗa su, don shi ba ya iya bin waya da ido daga nan zuwa can, sai dai ya kwanta a tabarma yana faɗa mini inda kowace ke zuwa, ina bi. Yaya Yahuza, abin mamaki, ya fara sayo abin da aka aike shi. Inna ta daina ɓoye-ɓoye, ta fito da keken ɗinkinta tsakar gida, ta ɗinke kujeru, ta ɗinke tamfol ɗin rufi, allura nawa ta karya ban sani ba. Yaya Yahuza ya yi wa motar fenti kore. Malam Bot ya tsiyaye man babur ɗinsa ya kawo a galan, ya koma zuwa ofis a ƙafa.

A tsakiyar daminar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a motar ta tashi. Da hantsi ne. Baba na kan sitiyari, Yaya Yahuza na murɗa ƙarfen tayarwa ta gaba, gumi har cikin ido. Ta yi tari, ta yi shiru. Ta sake tari. Sai ta kama, gida ya ɗau ƙugi, hayaƙi ya turnuƙe shanyar Inna, kaji suka haye katanga. Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta rangaɗa guɗa. Maman Dinah ta shigo a guje da bokitin ruwa, a zatonta gobara ce. Baba dai yana zaune ya karkata kai yana sauraren inji, hawaye na bin gemunsa bai share ba.

Ba mu tsaya jiran gobe ba. Aka ɓalle tsohuwar ƙofar garke, Baba ya sa giya, ya lallaɓa da ita zuwa bakin lungu. Hancinta ya leƙa, sai muka ji ƙarar goga dama da hagu lokaci ɗaya. Ya ja baya, ya daidaita, ya sake. Haka dai. Ya kashe inji.

Ya ce a hankali, "Zakiyya, idona ne, ko lungun ne?"

Har in mutu ba zan manta da wannan tambayar ba. Na duba dama, na duba hagu, na ce, "Baba, ba idonka ba ne. Ba ta shiga."

Ya sauko, ya lallaba bango, ya lallaba mota. Inda ya taɓa sa taƙi guda, yanzu ko ɗan yatsa ba ya shiga. Yaya Yahuza ya fara cewa ko tayoyin da ya sayo ne suka yi faɗi, na ce masa ya rufa mana baki. Muka tsaya cirko-cirko, manyan mutane da hankalinmu, kowa na kallon lungun da muke bi safe da yamma. Inna ce ta fara ganewa.

Ta ce, "Yaɓenku ne."

Malam Bot ya fashe da dariya, sai kuma dariyar ta yanke. Shekara tara suna gasar kauri, wannan ya matso, wancan ya matso, sun ci lungun ba wanda ya sani.

Yaya Yahuza ya ce ai da sauƙi, a kankare. Aka kira Kawu Gwadabe, wanda ya san gini, ya zo ya duba ya girgiza kai. Ya ce ba mai hankalin da ke tuɓe wa bangon ƙasa riga a tsakiyar damina, ga shi indararon gidajen biyu duk a lungun suke zuba. In aka kankare aka yi ruwa mai ƙarfi, ɗaki zai iya zama a kan mai shi. Ya ce a haƙura sai kaka. Baba ya ce, "Gaskiya ne. A bari sai kaka." Ya shige ɗaki. Dukanmu mun san abin da likita ya faɗa, mun kuma san hujin nan ba zai kai kaka ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Baba ya daina zuwa gindin darbejiya. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Wata rana ya tambaye ni ko koren da aka shafa mata mai duhu ne ko mai haske, alhali yana zaune yana fuskantarta. Ni kuwa haushi nake ji na kowa da komai, na bango, na ruwan sama, na Kawu Gwadabe da gaskiyarsa. In hadari ya haɗo mutane na murna, ni sai in ji kamar in yi jifa.

Wata safiya bayan an idar da salla muka ji sara a lungu. Na fita, sai ga Inna da fartanya, ta ɗaure mayafi a ƙugu, tana kankare bangon ɗakinta. Matar da in ba suna ko gaisuwar mutuwa ba ba ta taka lungun nan. Baba ya fito yana lalube, ya tsaya.

Ya ce, "Safiyatu, ɗakinki ne fa."

Ta ce, "Na sani, Malam. Ni ke kwana a ciki."

"In ya faɗi fa?"

"In ya faɗi sai in tare a cikin 'yar lelen taka. Ni na ɗinka mata rufi, na san ba ta yoyo." Ta sake kai sara, ta juyo wajen Yaya Yahuza. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa. Ta ce, "Kai wannan yaron, kallo ka zo yi?"

Muka ɗauko abin da hannu ya samu. Yaɓen ya riƙa ɓantarowa falle-falle, kowace shekara da nata. Ga jar ƙasar da aka ɗebo shekarar da na shiga sakandare. Ga mai ƙaiƙayin shinkafa, ta shekarar da ciyawa ta yi wuya. A wani falle muka tarar da sawun tafin Dinah 'yar Malam Bot tun tana rarrafe, lokacin da ta dafa bango yana ɗanye. Can ƙasa muka cimma yaɓen kakanmu na makuba, mai haɗin ɓawon ɗorawa, baƙi, mai tauri, fartanya na tsalle a kansa. Nan muka tsaya. Yaya Yahuza ya auna da igiya, ya ce gefe ɗaya bai isa ba.

Ɗaya gefen kuwa na Malam Bot ne. A lokacin nan hankalinsa ba a kwance yake ba. Tun da aka fara maganar shari'a 'yan uwansa ke aiko masa ya dawo gida, ba su san yadda abin zai kasance ba. Wasu abokan aikinsa sun riga sun tafi. Ya tura Dinah wurin kakarta, kuma Inna ta ga Maman Dinah ta ƙulle tukwanenta a buhu. Mutumin da ƙila gobe zai nemi mai sayen gidansa, ba a ce masa ya ɓata bango. Baba ya ce ko da wasa kada wanda ya yi masa maganar.

Ba mu yi ba. Shi ya fito da kansa, da gajeren wando da diga a kafaɗa, don tun ɗazu yake jin sara ta cikin ɗakinsa.

Ya ce, "Malam Sale, kai ka ce in sa da kauri. To yau sai ka koya mini yadda ake ragewa."

Baba ya ce, "Malam Bot, damina ce. Ba zan sa ka asara ba."

"Ƙasa ce fa, ba jini ba. In ruwa ya ɗauke mu yaɓe tare, kamar yadda muka saba."

Maman Dinah na bakin ƙofarta ta ji shi. Ta dube shi ta daɗe, ta koma ciki. Da yamma Inna ta ce ta ga tukwanen sun koma kan murhu.

Washegari da sassafe gari ya waye garau. Aka cire madubin gefe, Baba ya hau, ni a gefensa, don shi zai ga gaba, ni in gane masa gefe. Ya shigar da ita lungun a hankali kamar mai zura zare a allura. Ta shiga. Amma sai na ji wani ƙara ta ɓangarensa, ƙarfen maƙalar ƙofa, wanda ya ɗan turo waje, yana cin bangon Inna. Yaya Yahuza na gaba yana tafiya da baya yana ihu, "Baba, hagu kaɗan! Akwai wuri ta hagu!" Baba bai ko motsa sitiyari ba. Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Na ji shi. In dai za ta ci bango, ta ci namu." Haka ƙarfen ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe a cikin makubar kakanmu, daidai ƙugun mutum, tun daga zaure har bakin titi.

Inna da Maman Dinah suka hau baya, Yaya Yahuza da Malam Bot suka ɗane. Muka bi ta bayan duwatsu, muka wuce itatuwan dabino, muka bar kwalta muka kama burtalin da ke yankewa wajen Kiyawa, inda ba mota sai amalanke. Gero ya yi tsayi dama da hagu. Ina cewa, "Akuya a hagu, Baba. Mai keke a dama." Shi kuma yana faɗar abin da ya gani da ƙarfi, kamar yaro mai koyon magana: ga sawun amalanke, ga kuka, ga balbela. Da muka zo wani kwari mai taɓo, Yaya Yahuza ya ce a juya. Baba ya yi murmushi, ya kai hannu kan ƙaramar giya mai jan kai, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja tare, bai ko duba ba. Motar ta yi gurnani ta haye, taɓo ya fantsamo har kan mayafin Inna, ita kuwa sai dariya take.

A bakin wata fadama ya tsaya. Shanu na kiwo a tsallake. Wani dattijon Bafulatani ya taso da sandarsa, tun daga nesa yake ɗaga hannu yana cewa shanunsa sun riga sun yi allurar bana. Baba ya yi dariya har da tari. Suka gaisa, ashe Baba ya san mahaifin mutumin, har sunan bijimin da ya lotsa motar sai da suka tuno. Da dattijon ya tafi, Baba ya zauna ya riƙe sitiyari, yana juya kansa a hankali daga wannan gefen fadamar zuwa wancan, yana bin ta da ɗan hujin da ya rage masa. Ba wanda ya ce masa rana na yi.

Can ya ce, "Alhamdu lillahi, na gani. Yahuza, zo ka mai da mu."

Ya sauka ya zagaya baya ya zauna kusa da Inna. Bai sake riƙe sitiyari ba.

Motar ba ta koma lungu ba, a bakin titi ta sami wuri, Yaya Yahuza ya riƙa ɗaukar amfanin gona da ita. Bangon biyu muka rufe su da zana da tsofaffin buhuna. Ruwan ƙarshen damina ya zo da ƙarfi, wani yanki na katangar Malam Bot ya zube, ya kafa kara a wurin yana cewa dama iska yake nema. Ɗakin Inna ya tsage daga sama, ta kwashe kwanukanta ta kai zaure, amma makubar kakanmu ta riƙe. Kafin a kai gero rumbu, idon Baba ya rufe.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne jagora. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kai mutane, yanzu a ce sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci. Ya fara cewa zai riƙa salla a gida. Ranar da aka yaye zana daga bango, da la'asar, na ga ya ɗauki sandarsa ya nufi zaure shi kaɗai. Na bi shi a baya. Ya dafa bangon Inna yana lalube, sai yatsansa ya faɗa cikin tsagin da motar ta yi. Ya tsaya. Sannan ya miƙe kafaɗa, ya bi shi da yatsa, yana tafiya irin tafiyarsa ta da, har bakin titi, inda tabarmin masallacin unguwa suke farawa. Na jingina da bangon Malam Bot na yi kukana na ƙoshi.

Ranar yaɓe ta zo. Malam Bot na nasa gefen, Baba na zaune a bakin zaure yana yi masa tsiya cewa wannan karon ya ji tausayin ƙasa. Yaya Yahuza ya ɗebo ƙasa a hannu zai cike tsagin, sai muryar Inna daga cikin zaure: "Kai wannan yaron, yi sama, yi ƙasa. Kada ka taɓa mini wurin nan." Haka aka yi a wannan shekarar, haka aka yi duk shekarun da suka biyo. Yaɓe na ƙara kauri, tsagin na ƙara zurfi, cikinsa ya yi sumul yana sheƙi saboda yatsan Baba.

Yanzu Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Malam Bot ya yi ritaya ya koma Filato da iyalinsa, duk kaka sai ya bugo waya ya tambayi ko an yi yaɓe. Unguwa duk ta koma bulo da siminti, ɗakin Inna ne kaɗai na ƙasa, ta ce ba mai taɓa shi tana raye. Bara da na je gida, muka fito za mu gaisuwa, tana gaba ina biye. Muna shiga lungun na ga ta ɗaga hannu ta sa yatsa a tsagin, ta bi shi har bakin titi, tana ci gaba da ba ni labarin tsadar gero. Idonta kuwa ƙalau yake, har yau ita ke zura wa kanta zare a allura.